Juyin Magana a Bakin Rijiyar Nomau

Ku matso inuwa, samari, rana ta yi zafi. Na ji abin da ya kawo ku. Kun tsinci Buzanci a kasuwa, kun iya cewa ruwa, kun iya cewa raƙumi, kun iya tambayar mutum lafiyar iyalinshi, sai kunka ce bari mu je wurin Ɗan Buzuwa ya nuna mamu sauran, mu ma mu riƙa zama bisa tabarma ana kawo mamu fura. Har na ji ɗayanku ya ce, "Mi ke da wuya? Wancan ya faɗa, kai ka faɗa ma wannan." To, madalla. Haka ni ma na ɗauka tun gemuna bai fito ba.

Uwata Buzuwa ce, a nononta na sha harshen. Ubana manomi ne na nan Dakoro, tun gidajen ba su kai a kira su gari ba. Da ya ga hauya ba ta karɓe ni ba, sai ya kai ni wurin Baba Idi, wanda shi ke juya magana tsakanin Hausawa da Abzinawa daga nan har kwarin Tarka. Na daɗe ina bin shi bai bar ni na buɗe baki ba. Ya ce harshe na da shi, kunne ne ban da shi, kuma kunne ba ya tsirowa sai baki ya yi azumi.

Kayan aikinmu ba su cika jaki ba. Tabarma ce, da goran ruwa, shi ke nan. Amma inda za ka shimfiɗa tabarmar ilimi ne. In ta karkata wajen Bahaushe da taki ɗaya, Ba'abzine ya gani, ya gama yanke hukunci a kanka tun ba ka yi sallama ba. Ba ka ba kowa baya. Sandarka ka jingine ta nesa. Goran kuwa ba don ƙishirwa ba ne. In wani ya jefo magana mai zafi, sai ka ɗauka ka kurɓa a hankali, kafin ka ajiye shi mai maganar ya ɗan huce, kai kuma ka sami kalmar da ta dace. Kuma kada ka kuskura ka kira mai takobi Buzu a gabanshi. Ba'abzine ne. Wanga kaɗai ya isa ya kashe zama.

Aikin farko da Baba Idi ya bari na sa baki, na wata taguwa ne, wato macen raƙumi, a Rumbu. Wani manomi matarshi ta rasu ta bar jinjiri. Wani Ba'abzine da ya saba sauka gefen gonarshi bayan girbi ya ji tausayi, ya bar mashi taguwa mai nono, ya wuce arewa. Da yaro ya yi ƙafa, sai ga mutumin ya komo, ya ce a kwance mashi taguwarshi. Manomi ya ce atafau, kyauta anka yi mashi, a gaban mutane anka ce "na ba ka". Ba'abzine ya ce ɓarawo, manomi ya ce mai lashe amanshi. Ni na zabura zan fara jifa da maganganun nan daga wannan gefe zuwa wancan, sai Baba Idi ya dafa mani gwiwa. Ya ce, "Kafin ka kai maganar mutum wurin wani, fara mayar mashi da ita. Ka ce, abin da kake nufi ke nan? Sai ya ce i, sannan ka ɗauka."

Na juya ga Ba'abzinen na ce ya faɗa mani da harshenshi abin da ya yi ranar nan. Ashe su suna da kalma dabam ta bayar da nono kaɗai, ba dabbar ba. Hausarshi ce ba ta kai ba, "na ba ka" kaɗai ya sani. Da na warware ma manomin, sai ya rufe baki da hannu, kunya ta kama shi. Ya kwance taguwa da hannunshi, ya ɗora mata damen gero biyu. Anka rabu ana dariya.

A hanyarmu ta komowa kaina ya kumbura. Na ce, "Baba, ashe duk faɗan duniya rashin ji ne. In mutane sunka ji juna, gardama ta mutu."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Wagga ba gardama ba ce. Makafi biyu ne sunka yi karo. Allah ya ba ka tsawon rai ka ga ta masu ido."

Ban gane ba, kuma ban tambaya ba. Ya rasu, na gaji tabarmar.

Masu kirana iri-iri ne. Akwai ƴan ayarin gishiri da ke sauka da sanyi, suna musanya kantu da gero. Akwai mata masu cuku, waɗanda sun fi mazansu wuyar ciniki. Akwai mai neman raƙumin da ya ɓace, akwai wanda awaki sunka shiga gonarshi. Akwai mai jawo ka gefe ya ce, "Ka ɗan sassauta tashi, ka ƙara ma tawa gishiri." Ranar da ka yi haka sau ɗaya, ka naɗe tabarmarka, don magana tana da ƙafa, sai ta iske mai ita. Akwai kuma wanda ya ji Hausa sarai amma ya yi kamar bai ji ba, don ya sami lokacin tunani sa'ad da kake juyawa. Irin wannan ka bar shi, kada ka tona shi. Cikin ayyuka goma, tara irin na taguwar nan ne: kalma ta zame, ka tsaida ta, kowa ya kama gabanshi. Har na fara tsufa ina ganin Baba Idi ya faɗi abin da babu.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Damina ta zo ta yi yayyafi biyu ta ɗauke, gero ya bushe tun yana gwiwa. Wadda ta gabace ta ma ba ta yi kirki ba, rumbuna sun riga sun yi sauƙi. Mata sunka shiga daji tsinkar anza. Ku da kunka taso cikin ƙoshi ba ku san ta ba: ƴaƴan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su ana zubar da ruwa ana sakewa, an daɗe ana yi, kafin su ciwu. In ba su jiƙu ba, suna yanka ciki. Wato a shekarar nan ko abincin yunwa ma ruwa yake ci.

Tabkuna sunka ƙafe, ƙananan rijiyoyi sunka koma laka. Wadda ta rage a wajenmu ita ce ta tungar Maigari Nomau, yamma da nan, rijiya mai zurfi wadda ubanshi ya haƙa. Ita ma in an ja da safe sai an jira ta tara. Ana nan sai ga Agali, shugaban wani zango na Abzinawa, ya gangaro da iyalinshi da raƙumanshi, ya kafa bukkokin fata a hangen rijiyar. Mutanenshi sunka kawo dabbobi, samarin tunga sunka tare. Anka fasa komin shayarwa, anka fasa ma wani mai jan wasaki, wato gugan fata, kai. Kafin azahar an fito da kwari da baka a wannan gefe, an fito da masu a wancan. Sai anka aiko mani.

Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wani gawo, tsakanin tunga da zango. Nomau dattijo ne gajere, mai magana a hankali, hannuwanshi kamar itace. Agali dogo ne, ba ka ganin komi nashi sai idanu tsakanin rawani da amawali. Bayan kowane akwai mutanenshi a tsaye.

Nomau ya ce, "Faɗa mashi ubana ya haƙa rijiyar ga. Ƙanenshi yana cikinta har yau, ƙasa ta rufta mashi ba a fidda shi ba. Kafin su haƙa, ruwan ga yana can ƙasa, bai shayar da ko ƙadangare ba. Wanda ya fiddo shi, nashi ne, kamar geron da ya noma. Mutum in ya zo da ƙishirwa ba ni hana shi, shi da matarshi da ɗiyanshi su sha su cika salka. Amma garke, a'a. Matanmu na jiƙa anza."

Na mayar mashi da maganarshi, ya ce haka ne. Na kai.

Agali ya saurara har na gama. Ya ce, "Faɗa mashi ramin nashi ne. Igiya tashi, komin shayarwa nashi, mun fasa za mu sassaƙa wani. Shi zai fara sha, ba mu ja da haka. Amma ruwan, ubanshi bai zuba shi ciki ba, iske shi ya yi. Gero ya shuka ya tsiro. Mi ya shuka da ya tsiro ruwa? Abin da mutum bai yi ba, ba shi hana shi. Kuma ya ce ya bar ɗiyanmu su sha. Ɗiyanmu ba su rayuwa da ruwa, da nono suke rayuwa. Wanda ya hana taguwa ruwa, jinjiri ya hana."

Na ce a raina, na gano inda kalma ta zame. "Nawa" ce. Ai "ɗana nawa ne" dabam take da "rigata tawa ce". Na zauna na warware masu wannan a harshe biyu, na kawo misali, na sake kawowa. Nomau ya ce, "Na san haka, Ɗan Buzuwa." Agali ya ce ya san haka. Na koma kan "ƙishirwa", ko ta mutum ake nufi ko ta dabba. Nan ma kowa ya san abin da ɗan'uwanshi ke nufi. Munka tashi ba komi. Washegari munka koma, da wanda ya bi mashi. Ina ta laluben inda zaren ya harɗe, ban samu ba, rijiya kuwa tana ƙara yin ƙasa, raƙuma na kuka a bakin zango.

Da abu ya ƙi ƙarewa, sai anka juyo kaina. Jatau, ƙanen Nomau, mutum mai saurin hannu, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Yaya, wannan ba ya kai maganarka daidai. Jinin uwarshi ke magana. Gaskiya a fili haka, wa zai ji ta ya ƙi?" A ɗaya gefen kuma ɗan ƴar'uwar Agali ya dafa takobi ya ce ni mai cin geron Hausawa ne, ina tauna maganar kawunshi kafin in miƙa. Kowane gefe ya tabbata in da an ji shi da an bi shi. Tunda ba a bi shi ba, to mai juyawa ne munafuki. Ku da ke sha'awar tabarma, ku san wannan: ranar da anka rasa wanda za a sara, kai ne a tsakiya, kuma sandarka tana nesa.

Na ɗauki gora na kurɓa. Na ce, "Ranka ya daɗe Maigari, tunda ana zargin bakina, ga abin da nake roƙo. Kai ka tashi ka faɗi maganar Agali kamar kai ne shi. In juya mashi. In ya ce ba tashi ba ce, ku kore ni. Sannan shi ma ya faɗi taka."

Jatau ya ce wasan yara ne. Nomau kuwa ya gyara zama ya fara. Ya faɗi ramin, ya faɗi igiyar, ya faɗi nonon. Bai rage komi ba, bai yi ba'a ba. Sai ya ƙara abin da Agali bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "Mu masu tafiya ne. Ƙasarmu ba ta da gari sai rijiya zuwa rijiya. In ya zama mai rami yana iya cewa a'a, to kowane mai rami ya riƙe wuyanmu a hannunshi, mu da jikokinmu. Ba ruwan yau kaɗai nake nema ba. In na yarda ruwa na mutum ne, na kashe hanya."

Da na juya, Agali ya ja amawalinshi sama har ya kusa rufe idanu. Ya ce, "Tawa ce. Ya faɗe ta fiye da ni."

Sai shi ma ya ɗauka. Ya faɗi ƙanen uban da ke ƙarƙashin ƙasa, ya faɗi anza. Ya ce, "Mu masu zama ne. Ba mu da inda za mu kora gonarmu in ruwa ya ƙare. Kuma in ruwa na kowa ne, wa zai shiga rami? Wa zai binne ɗan'uwanshi don abin da baƙo zai zo da garke ya shanye? Ranar da anka ce mai haƙa ba shi da iko, ranar an daina haƙa, kuma mai tafiya ma ba zai iske rijiya ba."

Nomau ya girgiza kai ya ce, "Ko ni ban kai nan ba."

Mutane sunka fara hamdala. Wani tsoho har ya ɗaga hannu zai yi fatiha. Ni ma na saki numfashi, na ce yau kuma an gama. Na ce, "To Maigari, ka yarda da shi ke nan?"

Ya ce, "Na ji shi. Ban yarda ba. Ruwan na mai haƙa ne."

Na juya ga Agali. Ya ce, "Na ji shi har ƙashi. Ya yi kuskure. Ruwa ba shi da ubangiji sai Ɗaya."

Nan na tuna Baba Idi. Ga masu ido biyu, kowa na ganin abin da ɗayan ke gani, ba kalmar da ta zame, ba abin da ya rage in juya. Aikina ya ƙare, gardama kuwa sai yanzu ta tsaya da ƙafafunta.

Jatau ya daka tsawa ya ce, "In ya gane, don mi bai yarda ba? Ko bai gane ba, ko mugu ne!"

Nomau ya ce, "Ya gane, kuma ba mugu ba ne. Zauna."

Abin da zaman ya haifa ke nan, ba wani abu ba. Ba wanda ya sauka daga maganarshi, amma ba wanda ya iya sake kiran ɗayan ɓarawo ko wawa, kuma da wuya ka sa a harbi mutumin da ya faɗi cikinka fiye da kai. Sunka yanke cewa tunga ta ja ruwa da safe, in rijiya ta tara bayan azahar a shayar da taguwoyi masu nono kaɗai. Sauran garken Agali ya tura shi arewa wajen Azagor da samarinshi, su nemi abin da Allah ya ajiye.

Da za a tashi Nomau ya ce, "Faɗa mashi alheri ne na yi mashi."

Agali ya ce, "Faɗa mashi haƙƙina na karɓa, kuma bai cika ba."

Na juya su yadda suke, ban sa masu zuma ba. Kowa ya ji, kowa ya gyaɗa kai, anka watse.

Kada ku zaci daɗi ya biyo. Ruwan bai isa ba. Garken da ya tafi arewa kaɗan ya komo, ɗan ƴar'uwar Agali mai dafa takobi bai komo ba. A tunga anka rage ma anza jiƙo don a bar ma taguwoyi, yara sunka yi ta ciwon ciki, anka binne waɗansu, har da jikar Nomau. Jatau ya kwashe iyalinshi ya koma Ɗan Gulbi, bai sake taka gidan wanshi ba har ya mutu. Ni kuwa Hausawa sunka ce ni na sayar da ruwansu, Abzinawa sunka ce ni na raba su da garkensu. Anka daina kirana. Na koma ga hauyar da ta ƙi ni tun ina yaro, na yi damina da dama ina noma abin da bai isa ba, kafin mutane su manta su sake nemana.

Mutum biyu ne ba su daina kirana ba. Kowace shekara in sanyi ya shigo, Agali ya gangaro, sai ya sauka tungar Nomau, a aiko mani. A kawo fura, a kawo cuku, su zauna gindin gawon nan su ɗauko maganar ruwa daga inda sunka ajiye ta bara. Agali ya zo da sabuwar hujja da ya yi rani yana juyawa bisa raƙumi. Ya ce, in mutum ya buɗe taga, hasken da ya shigo nashi ne? Nomau ya ce a ba shi zuwa gobe. Gobe ya ce, zumar da ke kogon itace fa, ta wanda ya hau ya sha harbi ce, ko ta mai wucewa? Haka dai. Wata shekara sai ka ga ɗaya ya janye wata hujja tashi da kanshi, ya ce ya duba ta ba ta da ƙarfi, ya kawo wadda ta fi ta. Ba wanda ya matsa daga inda yake, amma abin da kowa ke nufi da "nawa" ya yi ta ƙara fitowa fili, har ni mai juyawa na san kalmar nan yadda ban san ta ba da. Daga baya ma kowa ya iya harshen ɗayan gwargwado, ba su bukatata sosai. Sun saba ne kawai. Na gaji da maganar rijiyar nan har in na ji sanyi ya fara, sai gabana ya faɗi.

Wata shekara sanyi ya shigo, zango ya sauka, ba Agali. Ɗanshi ya zo ya ce uban ya rasu da bazara a hanya. Anka kira ni in juya gaisuwa. Nomau lokacin ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Mutanen tunga sunka taru, wani cikinsu, don ya faranta mashi, ya ce, "Allah ya jiƙanshi, amma dai har ya mutu bai gane gaskiyarka ba, Maigari. Mu kam duk muna bayanka, ruwa na mai haƙa ne."

Nomau ya ce, "Don mi na mai haƙa ne?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "To, ai haka yake."

Da mutane sunka ragu ina naɗe tabarma, sai Nomau ya kamo hannuna ya ce, "Ɗan Buzuwa, ka ji su. Duk garin ga sun yarda da ni, ba wanda ya san abin da nake faɗi. Mutum ɗaya ya sani, shi kuwa bai yarda ba ko sau ɗaya. Yanzu da wa zan yi magana?"

Ban juya wannan ma kowa ba, don ba wanda za a juya mawa.

To, samari, sana'ar ke nan. Mai so ya zo ranar kasuwa da sassafe ya zauna bayana, ya rufe bakinshi. Yanzu ku tashi ku ba ni wuri, bayana ke ciwo.